Yadda Ake Kiran Tsohuwar Manhajar Asembila Daga COBOL Ba Tare Da Adireshi Ya Gutsure Ba

Wani matashi da muke aiki tare a Abuja ya kwana biyu yana lalube a manhajarsa ta COBOL (yaren rubuta manhaja) a babbar kwamfutar IBM domin tana faɗuwa da S0C4, wato kuskuren taɓa wurin ajiyar da ba a ba ta izini ba, alhali matsalar tana wajen ƙaramar manhajar asembila (yaren da ke kusa da na injin) da yake kira, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. An rubuta ta ne bisa adireshi mai bit 24, irin wanda IBM ta fito da shi a System/360 a 1964, wanda ba ya kaiwa sama da megabait 16.

Da farko, ka yi amfani da AMBLIST, manhajar IBM mai nuna bayanan manhajar da aka haɗa, ka duba AMODE da RMODE na tsohuwar manhajar. AMODE yana nuna faɗin adireshin da take ganewa, RMODE kuwa inda za a loda ta.

Idan ka tarar da AMODE 24, to sai ka koma kan bayanan da kake miƙa mata, domin a nan gizo ke saƙa. Adireshi kamar 01A34000 yana sama da layin megabait 16, ita kuwa za ta watsar da bait na farko ta karanta A34000. Idan an yi sa'a manhajar ta faɗi nan take. Idan ba a yi ba, sai ta karanta ko ta rubuta a wani wuri dabam, lissafi ya lalace ba wanda ya sani. Saboda haka ka harhaɗa COBOL ɗin da zaɓuɓɓukan RENT da DATA(24), domin WORKING-STORAGE, sashen da COBOL ke ajiye bayanansa, ya sauko ƙasan layin.

Bayan haka ka sa zaɓin DYNAM, wanda ke loda manhajar da ake kira dabam a lokacin aiki, sannan ka ba Language Environment, tsarin IBM da COBOL ke gudana a kai, zaɓin ALL31(OFF) tare da STACK(,,BELOW), domin shi ne zai sauya yanayin adireshi a shiga da fita. Idan ba DYNAM, kira ta hanyar haɗa manhajojin biyu wuri guda yana tilasta wa dukkan manhajar zama ƙasan layin, kuma wurin nan a matse yake.

Kada ka yi garajen sauya lakabin tsohuwar manhajar zuwa AMODE 31, wato adireshi mai bit 31, ba tare da ka karanta ta ba. Magabata sukan ɓoye alamomi a bait na farko na adireshi don tsimin wuri, kuma DCB, tsarin bayanan da ake buɗe fayil da shi, har yau dole ya zauna ƙasa da megabait 16. Idan tilas ne ka sauya yanayin da hannu a asembila, ka kira da umarnin BASSM, ka dawo da umarnin BSM ta rijista 14.