In an kama ɗan uwanka a Japan, ga abin yi

Yanzu yaranmu na Yamai suna zuwa Japan, wasu karatu wasu harkar motoci da kayan gyara, to wannan maganar a ajiye ta a waya. Can ba a zuwa komisariya da dattijon unguwa a roƙi arziki a sako yaro kafin magariba. Suna iya tsare mutum har kwana 23 ba a ma gurfanar da shi ba, awa 48 hannun ƴan sanda, awa 24 hannun mai gabatar da ƙara, sai alƙali ya ƙara kwana 10, ya sake ƙara 10, in kuma suka ƙago wata tuhuma daban lissafi ya koma farko.

Abu na farko, ya ce yana son toban bengoshi, wato aboka (lauya) mai jiran kira, zuwansa na farko kyauta ne kuma ana neman mashi tafinta. Ya ce a sanar da hukumomin ƙasarsa.

Sai babbar maganar, wallahi kar ya sa hannu a takardar da bai gane ba. Aboka ba ya zama ɗakin tambayoyi, kai kaɗai ne da su, su rubuta bayani da Japananci su karanta maka su miƙo biro, ga gajiya ga rashin barci, mutum ya ce bari in sa hannu in huta ai gaban alƙali zan faɗi gaskiya. Ina! Wanda aka kai kotu can, sama da kashi 99 cikin 100 ana samunsa da laifi. Doka ta ba shi damar yin shiru, ya riƙe ta.

Haka aka yi wa Iwao Hakamada, tsohon ɗan dambe. An kama shi 1966 a Shizuoka kan kisan mutum huɗu, aka matsa mashi kusan kwana 20 har ya amsa, 1968 aka yanke mashi hukuncin kisa. Sai 2014 ya fito, sai Satumba 2024 kotu ta wanke shi ta ce wasu hujjojin ma ƙirƙira aka yi. Irin wannan suke kira enzai, ɗaure marar laifi. Yayarsa Hideko ce ta tsaya mashi duk shekarun nan.

Ku na gida kuma ku bar yaɗa zancen a gurup ɗin WhatsApp, ku nemi sunan ofishin da yake tsare da ranar da aka kama shi, ku haɗa kuɗin aboka tun kwanakin farko.