Kuɗin Nijeriya a 1968: kurakuran masu ba da tarihin yaƙin basasa

Sau da yawa za ka ji mai ba da labarin yaƙin basasa yana cewa an sayi buhun gero naira kaza a 1968. Babu naira a lokacin. Sai ranar 1 ga Janairun 1973 ta shigo, aka canja fam ɗaya a naira biyu. Fam ake kashewa, da sule, sisi, taro da kwabo mai huda. In za ka kawo farashin wancan zamani, ka bar shi a fam da sule.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar canjin kuɗi na Janairun 1968 kamar gyaran takarda kawai. Makami ne. Takardun kuɗi masu yawa na rassan Babban Banki sun faɗa hannun Biyafara, tana sayar da su a ƙasashen waje domin ta sayi makamai. Gwamnatin Gowon ta fito da sababbi, zuwa 22 ga watan tsofaffin sun daina aiki. Dole Biyafara ta buga nata, na sule biyar da na fam ɗaya, Sylvester Ugoh yana shugabantar bankinta. Mai rubutu ya tuna cewa ba sojoji kaɗai abin ya taɓa ba: 'yar kasuwa a yankin yaƙi ta wayi gari abin da ta ƙulle a bakin zane ya zama takarda.

Masu tara tsofaffin kuɗi kuma su duba shekara da kyau. Sulallan Biyafara na alminiyam 1969 ke jikinsu. Na Nijeriya da ake kashewa a 1968 galibi bugun 1959 ne, wasu kuma na 1961 da 1962, canjin bai shafe su ba.

Cewa man fetur ne ya ɗauki nauyin yaƙin tun farko, shi ma ba haka ba ne. Haƙar mai ta faɗi ƙwarai, ba ta fara farfaɗowa ba sai bayan an kama Fatakwal a watan Mayun 1968. Gyaɗa, koko da auduga, da ƙarin haraji da taƙaita shigo da kaya, su suka riƙe baitulmali. Manomin da ya kai gyaɗarsa kan sikeli a Kano yana da haƙƙin a ambace shi.

Sai sunaye. A 1968 Obafemi Awolowo ne kwamishinan kuɗi na tarayya, Clement Isong kuma gwamnan Babban Banki. Wasu kan saka Aliyu Mai-Bornu a kujerar gwamnan bankin, alhali ya bar ta tun 1967.