Yadda Za Ka Ƙara wa Tsohuwar Kwamfutar Tebur RAM

RAM shi ne ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita yayin da take kunne. Kafin ka saya, duba irin RAM ɗin da ke ciki, kamar DDR2 ko DDR3. DDR3 ba ya shiga ramin DDR2, don tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. In Windows ɗinka, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, nau'in 32-bit ce, wuce 4GB asarar kuɗi ne kawai.

Kashe kwamfutar, zare wayar wuta, buɗe murfin gefe. Taɓa ƙarfen jikinta tukuna don wutar da jiki ke tarawa ta sauka, musamman da hunturu.

Buɗe maƙallan da ke bakin ramin RAM ɗin. Riƙe RAM ɗin ta gefe, daidaita tsagar, ka danna da manyan yatsu biyu har ka ji ƙas. Yana son ɗan ƙarfi.

Sai ka kunna. In allo ya tsaya baƙi, kwamfutar tana yin ƙara, mai yiwuwa RAM ɗin bai zauna ba. Kashe, cire, sake sawa.