Yadda ɗan kasuwa zai bi rigimar Amurka da Chaina jarinsa bai narke ba

Faifan sola da batura nake sayarwa a kasuwar Wuse da ke Abuja, kayana kuma daga birnin Guangzhou na Chaina suke zuwa. Abin da zan faɗa shi nake koya wa yaran shagona, domin ina jin takaicin ganin matashi ya tara jari da guminsa, labari ɗaya daga Washinton ya cinye shi.

Ka fara sanin wa ke riƙe da wuƙa da nama. A Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, Amurka na da kusan kashi 16.5 na ƙuri'u, manyan shawarwari kuma sai da kashi 85 suke wucewa, ita kaɗai ke nan za ta iya taka musu birki. Chaina, duk girman masana'antunta, kashi 6 da ɗoriya gare ta. Wannan na cikin abin da ya sa ta jagoranci kafa bankin zuba jari a kayan more rayuwa na Asiya, AIIB, da ya fara aiki a 2016, ga kuma bankin ƙungiyar BRICS ta ƙasashe masu tasowa a Shanghai. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna ma da bashin Chaina aka shimfiɗa shi.

To, duk ranar da ka ji IMF ko Bankin Duniya na magana kan naira, ka kasa kunne sosai. Sun daɗe suna cewa a sake ta kasuwa ta yanke mata daraja, aka sake ta a Yunin 2023, dalar gwamnati ta tashi daga wajen naira 460, farkon 2024 ta haura 1,500. Saboda haka kada ka sa farashi bisa yadda ka saro kaya. Ka sa shi bisa abin da za ka biya in yau za ka sake saro su. Kafin ka buɗe shago ka kira ɗan canjinka na Zone 4, matattarar 'yan canji a Abuja, sannan ka duba canjin da kwastam ke lissafin haraji da shi, don shi ma motsi yake, wani lokaci kwantenarka na kan ruwa.

Maganar biya kuwa, ka tambayi bankinka ko za ka iya buɗe Form M, takardar shigo da kaya daga waje, da yuwan, kuɗin Chaina. Tun 2018 akwai yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuwan biliyan 15 tsakanin Babban Bankin Najeriya, CBN, da babban bankin Chaina, an sabunta ta a Disambar 2024. Ba kowane banki ke saurin yi ba, amma in ya samu, ka huta da canji biyu, naira zuwa dala, dala zuwa yuwan.

Harajin fito shi ne inda riba ke ɓuya. A Afrilun 2025 Amurka ta kai harajin kayan Chaina kashi 145. A irin wannan lokaci masana'anta kan nemi sabon mai saye ruwa a jallo. Ka taya da ƙarfin gwiwa, ka nemi rangwame ko a ɗaga maka ranar biya. Amma kada arha ta ruɗe ka ka cika sito, maƙwabcinka zai iya samun wanda ya fi naka sauƙi wata mai zuwa.

Kuma kada ka jira wani ya raba faɗan. Ɗiyarmu Ngozi Okonjo-Iweala ce ke shugabantar Hukumar Cinikayya ta Duniya, WTO, tun 2021, amma kotun ɗaukaka ƙara ta hukumar ta tsaya cik tun Disambar 2019, saboda Amurka ta hana naɗa alƙalai. Ni dai oda kaɗan-kaɗan nake yi, abin da zan sayar cikin wata biyu, ragowar kuɗin kuma ina ware rabi a dala don odar gaba.