Kafin ka kwaso piyanon kyauta zuwa gida

Idan ka sa yara a makaranta a Ingila ko Amurka, ba a daɗewa wani zai kawo maganar koyon piyano. Kana leƙa shafukan saye da sayarwa irin su Facebook Marketplace ko Gumtree sai ka ga tsofaffin piyano birjik, kyauta, mai so ya zo ya ɗauka. Ɗan'uwa, dakata tukuna. Galibi kuɗin fitar da shi mai shi yake gudu, don na tsaye ma yakan kai kilo 200. Biya gwani ya je ya duba maka shi kafin ka ce kana so.

A cikin akwatin nan akwai tsirkiyoyin ƙarfe wajen 230, ɗaure tamau, jansu gaba ɗaya ya kai tan 18. Allon katakon da ke fitar da amo kuwa yanayi yake bi, kamar fatar ganga da damina da hunturu. Hita tana busar da ɗaki wata da watanni, katako ya tsuke, murya ta sauka. Shi ya sa ake kiran mai saita muryar piyano sau ɗaya ko biyu a shekara.

Wasu kan sayi sifanar saiti, su sauke manhaja a waya, su ce za su yi da kansu. Ban ba ka wannan shawara ba. Yawancin madannan tsirkiya uku-uku gare su, kuma dole ukun su zama murya guda. Ka murɗa ya wuce kima, tsirkiya ta tsinke ko ƙusar da aka ɗaure ta a jiki ta yi sako-sako a mazauninta, gyaran ya ninka kuɗin da kake tattali. Nemi ɗan ƙungiyar masu saita piyano: a Amurka mai rajista da Piano Technicians Guild, a Ingila ɗan Pianoforte Tuners' Association.

Naka aikin shi ne wurin ajiya. Nesanta shi da hita da taga da hasken rana, ka sayi ɗan ma'aunin laima ka riƙe ɗakin tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari. Kada a ɗora shayi ko tukunyar fure a kansa. In an kawo shi sabon gida, a ba shi mako biyu ya saba kafin a saita.

Mai zaman haya a bene kuwa, na lantarki ya fi masa, irin na Yamaha ko Roland mai madannai 88 masu nauyi. Ba ya buƙatar saiti, kuma yaro zai sa abin kunne ya yi ta koyo har dare ba tare da maƙwabci ya kai ƙara wurin mai gida ba.