Kurakuran da ake yi wa sensocin maganaɗisu na mota, da yadda za a kauce musu

Motar zamani ba ta ganin komai da kanta. Kwamfutarta na dogaro ne da wasu 'yan ƙananan sensoci masu aiki da maganaɗisu: ta kiranshaf ta gaya mata inda fistin yake, ta totur ta gaya mata yadda direba ya taka, ta ƙafa ta ƙirga juyin taya domin birkin ABS mai hana taya kullewa. Masu ƙera motar sun san waɗannan abubuwa za su iya lalacewa, shi ya sa suka sa kwamfutar ta riƙa tuhumar duk abin da aka gaya mata. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mu masu gyara muke rushe wannan tsaro da hannunmu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar lambar da na'urar duba mota ta nuna a matsayin hukunci. Na'ura ta nuna P0335, sai kawai a ce wa mai mota, "Alhaji, sensar kiranshaf ce ta mutu," a tura yaro kasuwa. Alhali lambar cewa ta yi akwai matsala a layin sensar gaba ɗaya, daga bakinta har kwamfuta. Waya na iya gogar ƙarfe ta saɓule, soket na iya cika da baƙin mai, haƙoran faifan da sensar ke karantawa na iya lanƙwasa. A motoci da yawa faifan nan gurbin haƙora 60 ne aka cire biyu, a Toyota kuwa an fi ganin 36 da aka cire biyu, kuma giɓin ne alamar da kwamfuta ke kamawa. Haƙori ɗaya ya tauye, lissafi ya rikice, ko da ka sa sabuwar sensa dal. Kafin a sayi komai, a zare ta a dubi bakinta. Sau da yawa za ka tarar da garin ƙarfe ya manne mata kamar gemu, saboda maganaɗisun da ke ciki. Goge shi kaɗai kan isa.

Sai awo, kuma sensar nan iri biyu ce. Akwai mai naɗin waya a ciki, wadda ke haifar da wutarta da kanta idan haƙora na giftawa. Ita ce ake iya auna juriyarta da mita. Akwai kuma mai aiki da abin da Edwin Hall ya gano a Amurka a 1879, wadda sai an ba ta wuta take aiki, yawanci da waya uku: ta wuta, ta komawa jikin mota, da ta saƙo. Auna juriyar wannan ɓata lokaci ne, dangwala mata fitilar gwaji mai ƙwai kuma na iya ƙona ta, ko ya taɓa kwamfutar. A jona ta, a kunna makulli, a duba ko bolt 5 ko 12 ɗinta na isowa, sannan a kalli saƙon yayin da inji ke juyawa. Kuma idan mai mota ya ce sai ta yi zafi take mutuwa, ta huce ta tashi, to a gwada ta da zafinta. Awon safiya da inji a sanyaye ba zai nuna komai ba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na totur. A motar da babu wayar ƙarfe tsakanin feda da inji, sensa biyu ce a cikin fedar, ba ɗaya ba. An tsara su da gangan don kada su ba da amsa iri ɗaya: a wasu motocin ta biyu rabin ta farko take bayarwa, a wasu kuma tana tafe da wani tazara daban. Kwamfuta na gwama su a kowane lokaci. Da zarar sun saɓa wa ƙa'idar, sai ta ajiye lamba irin P2138, ta rage wa inji ƙarfi, mota ta riƙa tafiya kamar mai ɗingishi. Haka kuma saƙon lafiyayye a yawancin motoci tsakanin rabin bolt ne da bolt 4.5. Wannan 'yar ratar da aka bari sama da ƙasa ita ce hanyar gane tsinkewar waya ko haɗuwarta da wata, domin saƙon da ya faɗi sifili ko ya kai 5 ba daga ƙafar direba ya fito ba.

An taɓa kawo mini wata mota da wani ya riga ya taɓa. Na ɗaga kafet, na tarar an yanke wayar sensa ta biyu, an murɗa wata 'yar dabara daga ta farko don a kwaikwayi saƙonta, an naɗe da salatif. Fitilar gargaɗi ta mutu, mai mota ya yi murna. Amma yanzu shaida ɗaya ne ke magana da baki biyu. Ranar da ta farkon ta maƙale a sama, babu wanda zai ƙaryata ta, inji zai yi ta ihu alhali direba ya ɗage ƙafa, ga iyali a baya. Ƙa'idar ISO 26262, wadda ta fara fitowa a 2011 aka sabunta a 2018, ta kasa haɗarin sassan lantarkin mota mataki huɗu daga A zuwa D, kuma duk ƙoƙarinta shi ne kada lalacewar abu ɗaya ta kai ga asarar rai. Gyaran irin wannan matsalar totur kawai shi ne a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, a duba soket, in fedar ce a canza ta ɗungurungum.

Boris ɗin ƙafa ma na ruɗa mutane. A motoci da dama maganaɗisun da sensar ABS ke karantawa yana cikin robar da ke rufe gefe ɗaya na boris ɗin, ido ba ya bambance shi sosai. A buga shi a juye, fitilar ABS ta kama nan take, sai a ɗora wa sensa laifi. Kafin a buga, a kusantar da siririn ƙarfe kamar allura ga kowane gefe. Inda ya manne, shi zai fuskanci sensa. Kada kuma a ajiye shi kusa da maganaɗisun sifika.

Cire ƙwan fitilar gargaɗi ko liƙe ta da baƙin salatif don a sayar da mota, wannan ha'inci ne tsagwaronsa. Goge lamba ba tare da karantawa ba shi ma asara ne, domin kwamfuta kan ajiye yanayin da matsalar ta faru: zafin inji, gudunsa, da saurin mota a lokacin. A rubuta su tukuna.

Bayan an gyara saitin ƙafa ko an taɓa sitiyari, motoci da yawa na bukatar a sake koya wa sensar sitiyari inda tsakiya yake, in ba haka ba tsarin hana santsi zai ɗauka kwana ake sha alhali miƙe ake tafiya. Motoci irin Toyota Prius kuma suna da wata sensa a jikin injinsu na lantarki mai fitar da saƙo biyu da ke hawa da sauka a jere, kuma kwamfuta na lissafin cewa haɗinsu bai canza ba. Wayoyinta a murɗe suke cikin rigar kariya don kada hayaniyar babbar wuta ta shige su. In ɓera ya ci su, a nemo irinsu a sa, kada a yi ƙari da wayar rediyo.