Yadda Ake Auna Bugun Zuciya Lokacin Mura

Tun da hunturu ya shigo ake ta tambayata: ga mura, ga agogon hannu na nuna bugun zuciya ya haura, yaya za a yi? Ga matakan.

1. Zauna ka huta minti 10.

2. Auna zafin jikinka. Zazzaɓi kan ƙara bugu kusan 10 a minti kan kowane digiri ɗaya.

3. Ɗora manuniya da yatsan tsakiya a wuyan hannu, gefen babban yatsa.
Hattara: ban da babban yatsa. Yana da nasa bugun, zai rikita maka lissafi.

4. Ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Na babban mutum a hutawa 60 ne zuwa 100. Agogo kan yi ƙarya in ya yi sako-sako, ni na fi yarda da yatsa.

5. Karanta kwalin maganin murarka. Mai ɗauke da sinadarin pseudoephedrine na buɗe hanci, amma yana sa zuciya gudu.

6. Ajiye goro, kofi da shayi mai kauri a gefe, su ma suna sa zuciya gudu.

7. Sha ruwa sosai.

8. Rubuta adadin, ka sake aunawa da yamma.

9. Zazzaɓi ya kwana biyu? Je a gwada jini. Ba kowane zazzaɓi ba ne na mura, cizon sauro ma haka yake farawa.

10. In akwai ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, jiri, ko bugun na tsallake, nufi asibiti nan take. Haka ma in zazzaɓi ya sauka amma bugun bai sauko ƙasa da 100 ba.